Ƙofofin da Tallan Banza Ke Bi Ya Shigo Kwamfutar Gida

A gidaje da yawa a nan Sakkwato kwamfuta ɗaya ce ake tarayya a kanta: maigida ya rubuta takardun ofis, ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yi aikin da malamai suka ba shi, ƙannensa kuma su duba sakamakon JAMB ko NECO idan lokaci ya yi. Irin wannan kwamfutar ce ake wayar gari a tarar tana ta fito da tallace-tallacen da babu wanda ya nema, na caca, da na magungunan bogi, wani lokaci har da hotunan da mutum ba zai so su bayyana a gaban iyalinsa ba. Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne yadda nan take ake ɗora wa saurayin gidan laifi, a ce shi ne ya leƙa inda bai dace ba, alhali sau da yawa tallan ya shigo ne ta hanyar da babu ruwanta da tarbiyyar kowa.

Hanya ta farko, wadda a ganina ta fi kowace yawa a yanzu, ita ce izinin sanarwa. Mutum yana neman labari ko tsofaffin tambayoyin jarrabawa, sai shafin ya fito da ɗan akwati yana cewa a danna Allow kafin a ga abin da ake nema, ko don a tabbatar cewa mutum ne yake dubawa. Wanda ya danna ya ba shafin damar turo saƙonni a kusurwar allo ko da an riga an fita daga cikinsa, kuma da yake saƙonnin suna fitowa a wurin da Windows ke nuna nasa sanarwar, mai kwamfuta sai ya ɗauka daga na'urarsa suke. Gyaran wannan ba ya buƙatar kai kwamfuta shago. A burauzar Chrome, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, a buɗe Settings, a shiga Privacy and security, sannan Site settings, a duba Notifications, a goge duk shafin da ba a sani ba daga cikin waɗanda aka ba izini, kuma a zaɓi hana shafuka neman izinin gaba ɗaya. A wurin ne kuma za a ga Pop-ups and redirects, a tabbatar a toshe yake. Edge da Firefox suna da makamancin haka. Daga nan a duba ƙananan manhajojin da ke maƙale a jikin burauza, a cire duk wadda ba a tuna an sa ta ba.

Hanya ta biyu ta fi wuyar faɗa, domin ta shafi al'adar da kusan dukkanmu muka saba da ita. Yawancin kwamfutocin da ake saya a garin nan na hannu ne, kuma kafin a miƙa wa mai saye akan cika su da manhajojin da aka fasa, wato na kuɗi da aka yi wa dabara suke aiki ba tare da an biya ba, tun daga Windows ɗin kansa har zuwa Office. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya saka ta a intanet kyauta yana da abin da yake nema, kuma sau da yawa abin da yake nema shi ne ya cusa mai kawo talla ko mai satar kalmomin sirri a ciki. Galibi ma sai an kashe kariyar kwamfutar kafin irin waɗannan manhajoji su yarda su zauna, kuma ba kowane mai gyara ne yake tunawa ya mayar da ita ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina ganin ya kamata mai saye ya tambayi mai shago kai tsaye abin da aka sa masa, ya kuma sani cewa LibreOffice kyauta ne na halal, yana buɗe takardun Word da Excel, ya kuma ishi mai rubuta wasiƙa ko aikin makaranta.

Idan tallan ya riga ya kama gida, a shiga jerin manhajojin da ke cikin kwamfutar, a jera su bisa ranar da aka sa su, a dubi waɗanda suka shigo daidai lokacin da matsalar ta fara. Bayan an cire su, a sa Microsoft Defender, wanda ke zuwa a cikin Windows 10 da 11 ba tare da ƙarin kuɗi ba, ya binciki kwamfutar baki ɗaya. AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes, wanda shi ma kyauta ne, an yi shi musamman don irin wannan shara, amma a ɗauko shi daga shafin kamfanin kansa. Tara manhajojin kariya biyu ko uku a kwamfuta ɗaya nauyi kawai yake ƙara mata.

Akwai nau'in tallan da ya fi sauran haɗari, wanda ke cika allo da jan rubutu da ƙara, yana cewa kwamfutar ta kamu da cuta, a kira wata lamba ko a sauke wani magani nan take. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, domin Microsoft ba ya sa lambar waya a saƙonnin gargaɗinsa. Kada a danna komai a cikinsa, har da alamar rufewar da ya zana. A danna Alt da F4 tare, idan ya ƙi kuma a danna Ctrl da Shift da Esc, jerin manhajojin da ke aiki (Task Manager) zai fito, a rufe burauzar daga can, sannan idan an sake buɗe ta kada a yarda ta dawo da shafukan baya. Wanda ya riga ya rubuta lambar katinsa, ko BVN, ko lambar sirrin da banki ke turowa ta waya, ya nemi bankinsa a toshe katin a wannan ranar, ya kuma canza kalmomin sirrinsa ta wata na'urar dabam.

Batun sabuntawa, wato sauke gyare-gyaren da Microsoft ke fitarwa don Windows, shi ne nake jin mutane sun fi gardama a kansa, kuma na fahimci dalilinsu, domin data tana da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas. Duk da haka, kashe sabuntawa ɗungurungum babban ganganci ne. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar da ta bi tun watan Maris na shekarar. Kamfanin yana fitar da gyare-gyarensa ne a Talata ta biyu ta kowane wata, saboda haka mai lissafin data zai iya ware rana ɗaya a wata, ko ya yi amfani da garaɓasar dare, ya sauke su. Sai dai wanda ke kan Windows 7 ya sani cewa an daina tallafa masa tun 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 ma wa'adinsa na yau da kullum ya cika a 14 ga Oktoba, 2025. Ban ga hikimar shiga asusun banki da Windows 7 ba.

A kwamfutar da yara ke taɓawa, maigida ya riƙe asusun shiga Windows na mai iko (Administrator) da kalmar sirrinsa, ya buɗe wa sauran asusu na gama-gari, ta yadda manhajar da ke son taɓa tushen kwamfutar ba za ta zauna ba sai da saninsa. Filashin da aka kai shagon buga takardu kuwa a bincike shi da Defender kafin a buɗe, musamman idan aka ga fayilolin ciki sun koma masu ɗan kibiya a gefe, domin wannan alama ce ta cutar da ke yawo daga shago zuwa shago. Takardun makaranta, da na fili, da hotunan iyali, a kwafe su a wani faifan ajiya na dabam, a cire shi daga jikin kwamfutar da zarar an gama kwafewa.