Gwajin bakin mahaifa

Jiya na raka yayata gwajin bakin mahaifa nan Maradi, har yanzu abin na raina. Ungozoma ta shafa ruwan binegar, ta duba, ta ga wani ɗan farin tabo. Ta ce mata: "Hajiya, kwantar da hankalinki, bai kai ga zama ciwon kansa ba." Irin wannan tabo ana ƙone shi da ƙaramar na'ura cikin ƴan mintoci, ba fiɗa, ba kwanciya asibiti.

Na tuna innarmu, Allah ya jiƙanta. Ta daɗe tana zubar jini tana ɓoyewa don kunya, da aka kai ta Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, ciwon ya riga ya ci jiki.

Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa kusan duk kansar bakin mahaifa, kuma tana da rigakafi ga ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ma ta wadatar. Ni dai ɗiyata za ta karɓa, in sha Allahu.

Kansar ƙwan mace ce ta fi damuna, don wannan gwajin ba ya gano ta. Kumburin ciki da saurin ƙoshi da suka ƙi wucewa na iya zama alamunta, mu kai wa likita.