In babu takarda, ba ciniki

Duk wanda zai aiko min da busasshen malam-buɗe-littafi ko faɗa-wuta don musaya da waɗanda nake tarawa, tambayata ta farko ita ce 'yar takardar da ake sokewa ƙarƙashin allura, mai ɗauke da inda aka kama shi da ranar. In babu ita, komai kyan fukafukan, ba na so.

Abin da ke ci min rai shi ne malam-buɗe-littafin da ake kira da sunan Sarauniya Alexandra, mafi girma a duniya, wanda sai a lardin Oro na Papua New Guinea ake samunsa. Yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke barazanar ƙarewa, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma a 2006 an cafke wani ɗan Japan a Los Angeles yana sayar da shi a ɓoye.