Wasiƙa daga Arizona: Wutar Sola a Ɗakin da Mota Ke Ja

Assalamu alaikum, 'yan uwana mutanen Kaduna, daga Kawo har Kakuri.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto muku ne daga jihar Arizona ta ƙasar Amurka game da wani abu da nake ganin zai amfani duk mai niyyar haɗa sola a gida ko a shago, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya koma sai mai hali. A nan akwai mutane da yawa, galibinsu dattawan da suka yi ritaya, waɗanda ke zama a wani ɗan ɗaki mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya, da gadonsa da wurin girkinsa da banɗakinsa. Idan sanyi ya shigo, dubbansu kan taru a hamadar da ke kewaye da ƙaramin garin Quartzsite, a filin gwamnatin tarayya inda aka yarda a yi dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, kuma babu turken lantarkin da za su jona. Ni ma ina da irin wannan ɗaki, kuma a wurinsu na koyi cewa ba da sayen kaya ake fara haɗa sola ba, da biro da takarda ake farawa.

Dalili kuwa shi ne rufin ɗakin ƙarami ne, farantin sola biyu ko uku kaɗai zai ɗauka, don haka dole mutum ya san abin da yake ci kafin ya san abin da zai noma. Kowace na'ura tana da adadin wat a rubuce a jikinta, sai a ninka shi da yawan awowin da take aiki, abin da ya fito shi ne wutar da ta ci, wato wat-awa. Ƙwan lantarki huɗu masu wat 5 na tsawon awa biyar sun ci 100, fanka mai wat 20 ta awa takwas ta ci 160, ƙaramin firji ya ci kamar 400 a yini, cajin waya da kwamfuta da famfon ruwa su ci wajen 200. Jimilla ta kama 860 ke nan. Farantai masu wat 300, idan suka sami awa biyar na rana mai ƙarfi, a takarda 1,500 za su bayar, amma a zahiri kusan rubu'i yana zubewa a hanya saboda zafi da ƙura da waya, abin da zai isa batir bai wuce 1,100 da 'yan kai ba.

Faranti gona ne, batir kuwa rumbu, kuma a kan rumbun ne aka fi yin asara. Batir mai amfiya 100 da bol 12 yana riƙe da kimanin 1,200, sai dai idan na dalma ne, irin wanda ake zuba wa ruwa, rabin wannan kawai ya kamata a taɓa, domin wanda ke tatse shi ƙarƙaf kowane dare zai kashe shi tun bai ci moriyar kuɗinsa ba. Na litiyam kuwa ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, alhali na dalma na gama-gari sau ɗaruruwa ne. Ya fi tsada a ranar saye, amma a ganina ya fi araha idan aka raba kuɗin a kan shekarun da zai yi. Masu zama a nan suna da wata damuwa da ba ta shafe ku ba, wato ba a yi wa litiyam caji idan sanyi ya kai ruwa na daskarewa. Taku damuwar ita ce zafin Maris da Afrilu, domin zafi yana rage kwanan kowane irin batir, don haka kada a ajiye shi a lungun da iska ba ta shiga.

Akwai wani ɓarawo da mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wutar gida. Ko babu abin da aka jona masa, muddin yana kunne yana iya shan wat 20, wanda cikin awa 24 ya kai 480, fiye da abin da firjin ya ci. Shi ya sa a waɗannan ɗakuna fitila da fanka da firji da famfo duk masu bol 12 ne, kai tsaye daga batir suke sha, inbata kuwa sai an buƙace shi ake kunnawa. Na ga wani dattijo maƙwabcina ya sa wa nasa maɓalli a gefen gado don kada barci ya ɗauke shi yana kunne. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba a ma zancenta, domin tana jan wat 1,300 ko fiye, kuma za ta ƙarar da batir guda cikin ƙasa da awa ɗaya. Haka dutsen guga da butar lantarki suke, shi ya sa girki a nan da gas ake yi.

Inuwa ma tana da nata sha'ani. Reshe ɗaya idan ya gitta a kan faranti yana iya rage wutarsa sosai, saboda ƙwayoyin cikinsa a jere suke haɗe. Wasu kan ajiye ɗakin a inuwa, su shimfiɗa faranti mai naɗewa can a rana da doguwar waya. A lokacin sanyi rana tana yin ƙasa a nan, sai an jingine faranti sosai yana kallon kudu, amma Kaduna tana wajen digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, ɗan karkatawa kaɗan ya wadatar, daidai yadda ruwan sama zai gangara ya wanke shi. Abin da zai fi ba ku wahala shi ne ƙurar hunturu, wadda sai an riƙa goge ta da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi, sai kuma hadarin watan Agusta, wanda saboda shi ya kamata batir ya iya riƙe gida kwana biyu ba tare da rana sosai ba.

Idan mai haɗawa ya zo, ku roƙe shi ya nuna muku lissafinsa a rubuce, ku kuma dubi kaurin wayar da ke tsakanin batir da inbata. Inbata mai wat 1,000 a kan bol 12 yana jan fiye da amfiya 80, siririyar waya za ta yi zafi har ta narke, kuma idan babu fis kusa da kan batir, gobara ce ake gayyata. Na'urar daidaita caji, wadda ke tsakanin faranti da batir, ita ma a nemi irin wadda aka rubuta wa MPPT, domin ta fi ta PWM tatso wuta daga faranti, ko da yake ta fi ta kuɗi.

Wassalam,
Ɗan uwanku na Tudun Wada, mazaunin Arizona.