Godiya daga Garwa

Alhamdu lillahi. Watan jiya na kare digirina na dokta a Faransa, jiya kuma aka yi walima a gidan Baffa. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na rubuto nan.

Na fara da Goggo, wadda ta tsare ni gaban jama'a ta ce, "Shekara huɗu kana can, me ka ƙera?" Goggo, ga amsar da na kasa ba ki jiya. Wata 'yar shimfiɗa ce ta sinadarin hafniyam da zirkoniyam haɗe da oksijin, kaurinta nanomita 10, silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. A kan silikon ake shimfiɗa ta, a rufe da ƙarfe, a gasa a zafin da ya kai digiri 400 ko fiye. In ta gasu daidai, da an ba ta lantarki sai cajin cikinta ya fuskanci gefe guda, ya zauna haka ko an ɗauke wuta. Gefe ɗaya 0, ɗayan 1, da su kwamfuta ke ajiye bayani. Ke da kika san ɗauke wutar Garwa, kin ga amfaninta.

Tun 1920 aka san wannan hali a wani sinadari da ake kira gishirin Rochelle, amma kayan da aka daɗe ana aiki da su akwai dalma a ciki, ga wuyar sirantawa. Sai 2011 masu bincike a Jamus suka bayyana cewa hafniyam haɗe da oksijin ma yana yi, shi kuwa dama masu ƙera kwakwalwar kwamfuta sun saba da shi.

Wata bakwai ina gasawa, ba wadda ta yi. Har na fara haɗa kaya. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce ta gano ma'aunin zafin murhun ne ke mana ƙarya. Allah ya saka mata da alheri.

Malamaina na Jami'ar Ngaundere, Allah ya ƙara girma. Yaya, kuɗin jirgin ƙasa zuwa Yawunde neman biza, har sau uku, ban manta ba. Inna kuwa, me zan ce? Allah ya ja kwana, ya sa mu gama da ku lafiya.

Matan unguwa da suka kwana a murhu, sannunku da aiki. Wanda ya bar jar hula a zaure, tana wurin Baffa.