Abin da yaƙin 1589 ya koya mini game da Francis Drake

Masu karatun tarihin yaƙin teku sun fi son tsayawa a kan Drake na 1580, matuƙin jirgin ruwan Ingila wanda ya kewaye duniya a jirgin Golden Hind, ko na 1588 da ya yi wa Lord Howard, kwamandan rundunar ruwan Ingila, mataimaki aka kori rundunar ruwan Sifen. Ni kuwa darasin da ya fi zauna mini yana cikin shekarar 1589, shekarar da ya sha kunya.

Umarnin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila a fili yake. Ragowar jiragen yaƙin Sifen suna kwance a tashoshin Santander da San Sebastian a arewacin Sifen ana gyaransu, ba su da isassun ma'aikata, kuma ba su iya fita. A je a ƙone su tukuna. Bayan haka a ɗora Dom Antonio, mai neman ƙwace sarautar daga hannun Sarkin Sifen, a gadon sarautar Fotugal, sannan a tare jiragen Sifen masu ɗauko azurfa daga Amurka a tsibiran Azores. Aka ba Drake jirage, aka ba John Norris sojojin ƙasa, mutanen duka sun haura 20,000.

Matsalar tana cikin kuɗin tafiyar. Da hannun jari aka haɗa ta: sarauniya ta zuba nata, attajirai da su kansu kwamandojin suka zuba nasu, kowa yana jiran rabonsa na ganima. Jirgin da aka ƙone a Santander kuwa ba ya kawo ko sisi. Sai Drake ya kafa hujja da iska, ya karkata zuwa Coruña, wani garin gaɓar Sifen, maimakon Santander. Suka ci unguwannin bakin ruwa, suka kasa fasa ganuwar tsohon gari, suka ɓata kusan mako biyu. Sojoji suka faɗa wa rumbunan giya, cuta ta shiga sansani. A wannan lokacin Lisbon, babban birnin Fotugal, ta samu labari ta shirya.

Daga nan kuskure ya haifi kuskure. Aka sauke sojoji a Peniche a gaɓar Fotugal, suka taka kimanin kilomita 70 zuwa Lisbon cikin zafi, ba wadataccen guzuri. Shirin shi ne Drake ya kutsa kogin Tagus da jirage su haɗu a Lisbon, amma ya tsaya a Cascais, bai yi gigin wuce igwar da ke tsaron bakin kogin ba. Mutanen Fotugal ba su tashi don Dom Antonio ba. Taimakon da ake sa rai daga Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta rusa daular Songhai a 1591, bai iso ba. Dubban mutane suka mutu, akasari da ciwo.

A nan dole a faɗi laifin sarauniya. Manyan igwa na fasa ganuwa da aka nema ba ta bayar ba, ta tura mutane su ci birane masu katanga hannu rabbana, sannan da aka dawo ta juya wa Drake baya. Sai 1595 ya sake jagorantar babbar tafiya, wadda a cikinta atuni ya kashe shi kusa da Portobelo a gaɓar Panama a Janairun 1596. Duk da haka ban wanke shi ba, domin Santander ba ta buƙatar waɗannan igwa.

Halin ma ba sabo ba ne. A 1588 an ɗora masa riƙe fitilar da rundunar za ta bi da dare, fitilar ta ɓace, da safe aka same shi ya kama jirgin Sifen mai suna Rosario da ke ɗauke da kuɗi. A 1568, da Sifaniyawa suka kai musu hari a San Juan de Ulua a gaɓar Meziko, ya tsere da jirginsa Judith, har ɗan'uwansa John Hawkins ya yi ƙorafin an yashe shi cikin wahala.

Wannan tafiya ta 1568 kuwa, kayan da suka je sayarwa mutane ne, ɗaruruwan bayi da suka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma, har da Saliyo. Littattafan da ke ba kewaya duniya babi guda sukan ba wannan layi biyu, kuma hakan yana ci mini rai.