Lambata a Saman Kowane Feji

Shekara huɗu na yi ina rubuta littattafan da muke kira na matan aure, kuma a watan da ya gabata na fice daga zaure na ƙarshe da ya rage a wayata. Tun daga ranar 'yan uwa marubuta suke biyo ni ta bayan fage suna tambayar dalili, sababbin shiga kuma suna neman in nuna musu ta inda ake farawa, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Ba zan tsaya bayanin yadda ake ɗora feji ko yadda ake roƙon sharhi ba, domin duk wadda ta kwana biyu a zaurukan WhatsApp na marubuta ta san wannan.

Na fara ne a watan Afrilun 2020, lokacin da aka kafa dokar hana fita ta awa 24 a Jidda. An riga an dakatar da Umara, kamfanin jigilar alhazai da maigidana yake yi wa aiki ya jingine motocinsa, muka wayi gari mu biyar a ɗaki biyu a kudancin gari, ba fita ba shiga. Karatun littattafan waya ne ya riƙe ni a waɗannan makonni, har wata rana na kammala wani na ce wa kaina ai ni ma zan iya, wataƙila ma in fi. Da dare bayan yara sun yi barci nake zama a bakin ƙofar kicin, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta kaiwa, ina bugawa da babban yatsa har ya yi tsami.

Labarin da na ɗauko ya wuce soyayyar saurayi da budurwa. Labarin wasu ma'aurata ne, manya masu hankali, matar likita ce da ake shakkarta a wurin aiki, amma tsakaninta da mijinta akwai wani wasa na mulki da biyayya da suka yarda da shi su biyu, yana ba da umarni tana bi, bisa ƙa'idojin da suka zauna suka shimfiɗa. Har gobe ba na jin kunyar wannan jigo. Duk macen da ta taɓa zama inda ake yi wa amarya dilka da halawa ta san cewa matan Hausawa ba yau suka fara irin wannan hira a tsakaninsu ba, wayar hannu dai ta ɗauko ta daga ƙuryar ɗaki ta mayar da ita rubutu. Ginshiƙin littafin nawa kuwa shi ne yardar juna. Ma'auratan sun ajiye wata kalma guda a tsakaninsu, wadda in matar ta furta ta, komai ya tsaya nan take. Dare uku na yi a kan fejin da ta fara furta kalmar: mijin ya janye, ya tashi ya ɗebo mata ruwa, ya zauna a gefen gado yana tambayarta inda ya yi kuskure, ita kuma tana dariya da hawaye tana ce masa ba kuskure ya yi ba, tsoro ne ya ɗarsu mata. A wurina wannan feji shi ne littafin gaba ɗaya, sauran duk rakiya suka yi masa.

Fejina na farko mutum bakwai ne suka yi sharhi a kansa, kuma a cikin wannan ƙishirwa ta masu karatu shugabar wata ƙungiyar marubuta ta neme ni. Tana Najeriya, ban taɓa ganin fuskarta ba har yau, muna dai kiranta Anti. A lokacin zauren WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, ita kuwa tana da su da yawa kuma duk a cike, don haka wadda ta tallata wa littafi ta tsallake wahalar shekara guda. Ta yaba alƙalamina da kalaman da ban taɓa ji daga bakin kowa ba, sannan ta tsara mini yadda za a yi: feji 15 na kyauta, daga nan mai son ci gaba ta biya naira 300, a raba kuɗin biyu. Da yake asusuna na banki a gida ya daɗe da rufuwa saboda rashin amfani, sai aka sa nata. Ba mu rubuta komai ba, duk maganar da saƙon murya aka yi ta, kuma ni da kaina na goge saƙonnin daga baya don waya ta cika.

Tun muna fejin kyauta ta fara cewa, "Ƙanwata, littafin nan ya yi daɗi, amma a ƙara yaji. Mutumin nan naki ya cika lallashi." Nakan amsa da to Anti, in ci gaba da abin da nake yi, ina ganin kawaici ya isa ya nuna mata matsayina. Bai isa ba, kuma da na faɗa mata a'a ƙarara tun ranar, da ta sallame ni na huta.

Kuskuren da ya karya ni na yi shi ne a farkon 2021, ina da tsohon ciki. Na ga haihuwa ta matso, na ji tsoron kada masu biya su yi ta jira suna yi mini Allah ya isa, sai na dage na kammala littafin, feji 62, na haɗa shi a dokumen guda na tura wa Anti domin ta riƙa ɗorawa kullum a madadina. Aka yi mini aiki wajen haihuwar, na yi kusan arba'in ban san inda wayata take ba. Ranar da na buɗe zauren masu biya, ina shayar da jariri da hannu ɗaya, na fara karantawa daga feji na 16, sai na ga sunayen mutanena ne amma ban gane su ba. An cire kalmar tsayawa daga ko'ina. Fejin ruwan nan da na kwana uku a kansa babu shi, a gurbinsa an sa wani inda matar take kuka tana roƙo mijin bai saurara ba, gari ya waye kuma wai ta ƙara son shi saboda hakan. An cusa kalmomin da ko a zuciyata ban iya furtawa, da wani salo mai yawan alamar motsin rai wanda na san ko na wace ce a cikin 'yan ƙungiya. A saman kowane feji kuwa, kamar yadda na tsara da hannuna tun farko, ga laƙabina, wato Maman wance da sunan ɗiyata ta fari, ga kuma lambar wayata ta Saudiyya mai farawa da +966.

Na kira ta jikina yana rawa. Ta bari na gama, sannan ta ce cikin sanyin murya, "Haba ƙanwata, ai kasuwa ce. Matan nan kuɗinsu suka biya, ba wa'azi suka zo saya ba. Da na bar shi yadda kika rubuta, da ko mutum hamsin ba mu samu ba." Da na ce a sauke littafin, sai ta tuna mini cewa ya riga ya fita, wasu ma sun haɗa shi suna rabawa kyauta. Zauren masu biya na farko ya cika har an buɗe na biyu, na ƙirga da kaina mutum ya haura 400, amma naira 25,000 ta aika wa ƙanina a Katsina a matsayin kasona. Da na nemi lissafi ta turo mini jerin abubuwan da ta cire, kuɗin talla, kuɗin data, da kuɗin gyara. Ashe har ladan wadda ta ɓata mini littafi ni na biya.

Saƙonnin maza da suka riƙa shigowa cikin dare ban ma sa su a lissafi ba, toshewa kawai nake yi. Wanda ya hana ni barci na wata baiwar Allah ne da ta rubuto tana gode mini. Ta ce mijinta haka yake yi mata, har ta fara tunanin kai ƙara gidansu, amma da ta karanta littafina sai ta gane ashe so ne, za ta ci gaba da haƙuri. Na rubuta mata amsa mai tsawo cewa abin da aka yi da yardarki daban, abin da aka yi miki da ƙarfi kina kuka zalunci ne ko da a gidan aure, kuma ta je ta gaya wa manyanta. Ta karanta ba ta amsa ba. Ina da yakinin ta ɗauka marubuciyar ce ta ji kunya take janye maganarta, tun da ga abin da ta gani da idonta a ƙarƙashin sunana.

Hausawan Jidda da Makka ana ganin yawansu, amma sanin juna ya mayar da su 'yan kaɗan. Watanni bayan haka muka je suna a unguwar Sharamansur da ke Makka, ana cikin cin shinkafa a faranti ɗaya wata matar ɗan uwan maigidana ta dube ni ta ce, "Maman wance, ashe haka kike da hikima? Allah ya ƙara basira." Ta kira laƙabin daidai yadda yake a saman feji, mata biyu suka sunkuyar da kai suna murmushi, lomar da ke hannuna ta gagara shiga baki. A daren na gaya wa maigidana komai kafin ya ji a waje. Bai ɗaga murya ba, abin da ya tambaya kawai shi ne ko na san da igamar wa aka yi rajistar layin. A ƙasar nan ba a ba wa baƙo mazauni layin waya sai da igama, wato takardar izinin zama, da zanen yatsa, kuma dokar laifukan intanet ta 2007, a sashe na shida, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga mai shiryawa ko aika abin da ya saɓa wa tarbiyyar jama'a. Baƙo kuma ya san abin da ke biyo bayan irin wannan hukunci, tarhil ne, wato a kore shi daga ƙasar. Mutumin da ya shafe shekaru yana lallaɓa takardunsa, ni na ɗauki lambar da ke liƙe da su na manna a kan rubutun da ban ma rubuta ba. Washegari muka rufe layin, ya yi mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Nakan tuna ina makarantar sakandare a 2007 aka ƙona littattafan soyayya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, muka yi ta jin haushi muna cewa an tauye marubuta. Har yanzu ban ga hikimar cinna wa littafi wuta ba. Sai dai marubutan takarda suna da hukumar tacewa a gabansu, suna da maɗaba'a da ɗan kasuwa da suka san fuskarsu, kuma ba wanda zai sauya musu rabin littafi a dare ɗaya. A waya babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, iyakar da marubuciya ta shata wa kanta ita ce kaɗai shinge, ni kuwa na ɗauki tawa na damƙa wa wata saboda kwaɗayin masu karatu.

Ban daina rubutu a lokacin ba, domin na ƙi yarda a ce ita ta kore ni. Na sake laƙabi da wanda ba ya nuna ɗa ko miji ko gari, na rubuta littattafai uku ni kaɗai, kuma na biyun ya sami masu biya fiye da wancan ba tare da an tilasta wa kowa komai a cikinsa ba, abin da Anti ta rantse ba zai yiwu ba. Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kada cikakken littafi ya bar hannunki kafin ki ɗora shi da kanki, kuma kuɗi ya shiga asusun da kike gani. Rubuta "na matan aure ne" a saman feji bai taɓa hana 'yar sakandare karantawa ba, don haka abin da ba za ki so ta gani ba ki bar shi a bayan ƙofa, mai karatu ta san abin da ke faruwa in an rufe ƙofa. In a Wattpad kike, ki sa alamar manya. Telegram yana ba da damar hana tura saƙo daga zaure, amma mai waya biyu za ta ɗauki hoto. Ki ajiye kwafin aikinki a wurinki, waɗanda suka dogara da shafin sayar da littattafai na OkadaBooks sun ga yadda aka rufe shi a ƙarshen 2023. Duk wadda ta kira ki ƙanwata a ranar farko, ki nemi ta rubuta yarjejeniyar da hannunta.

Abin da ya sa na ajiye yanzu shi ne ɗiyar da na yi laƙabi da sunanta ta shiga shekara 12, ta fara karɓar wayata tana yin aikin makaranta, kuma littafin nan yana nan yana yawo. Ko a azumin da ya wuce wata sabuwar ƙawa ta turo mini shi, tana cewa in karanta in ga yadda ake rubutu, da tsohuwar lambata a samansa. Anti ma ta samo sabon layina ta hannun wata. Ranar ƙaramar Sallah ta aiko da gaisuwa da hoton jinjirin wata, a ƙasa ta rubuta, "Ƙanwata shiru kwana biyu, yaushe za mu samu sabo?" Na buɗe don ta ga na karanta, na ajiye wayar na koma kan tuwon da nake tuƙawa.