Ranar da na shafe tsatsa da fenti

Shekaranjiya da la'asar na ga wani yaro a bakin tasha ya kafe motonsa yana fesa jan fenti a kan wayoyin ƙafar baya, wato siraran ƙarafan nan da ke riƙe ƙafar daga cibiya zuwa gefe. Taya na jiki, laka na jiki, ko tsumma bai sa ya goge ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ni ma a shekarunsa babu wanda ya isa ya gaya mini. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ƙannena, ko wani cikinku zai karanta kafin ya sayi gwangwanin fenti.

Sallar layya ta 2008 a watan Disamba ta faɗo, hunturu na kaɗawa. Lokacin ina kabu-kabu a Tawa da wani moto na hannu da na sayo a Konni. Duk daminar da ta wuce ba na kauce wa ruwa, in na ga ya kwanta a hanya sai in ƙara wuta in ratsa. Wanki kuwa a bakin tabkin Babaye nake yi, da omo, in tura shi zaure a jiƙe in tafi hira. Kafin kaka, wayoyin nan da makanikanmu ke kira rayon sun yi ja kamar an barbaɗa musu garin barkono. Abokaina nasu na walƙiya, ni kuma ga yawon barka da salla ya matso, akwai gidan da nake so a gan ni.

Wani mai cajin batir ya ce kada in wahalar da kaina da guga, ruwan batir na cinye tsatsa nan take. Ya zuba mini a kwalba. Gaskiya ya faɗa, yana cinyewa, amma bai gaya mini abin da yake haɗawa ya ci ba. Wayar ƙafar moto ƙarfe ce da aka lulluɓe da tutiya, irin wadda ake shafa wa kwanon rufi, wasu kuma da kurom mai sheƙi. Wannan siririyar rigar ita ke tsaye tsakanin ƙarfen da ruwa da iska. Ruwan batir asid ne mai ƙarfi, da ya taɓa tutiya sai ta yi kumfa ta narke. Ni ina ganin kumfar ina murna, wai dauɗa ce ke fita, ashe rigar nake tuɓe wa wayoyin. Ya kuma gangara ya shige cikin notocin da ke riƙe wayoyin a jikin janti, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, inda ruwan ɗauraya ba ya kaiwa. Wandona ma ya huje a wuri uku, wannan kaɗai ya isa ya sa in yi tunani.

Ranar jajibiri da rana tsaka na fesa fentin, launin azurfa. Ban cire ƙafar ba, ban wanke man sarƙa da ya fantsama a kan wayoyin baya ba, ban sa fentin ƙasa da ake fara shafawa kafin na sama ba. Na kusanto da gwangwanin, na yi ta dannawa har fenti ya riƙa tsiyaya, don a ganina kauri shi ne ƙarko. Iska ta kwaso ƙura ta manna a kai tun bai bushe ba. Daga nesa dai ya yi kyau, an kuma yaba.

Ba a yi wata guda ba ya fara ɓarewa a inda mai yake. Inda bai ɓare ba kuwa nan ne babbar ɓarnar, domin tsatsa kamar soso take, tana riƙe danshi. Ka rufe ta da fenti, ka ba ta ɗaki ne ta ci ƙarfe a ɓoye. Da damina ta dawo ruwa ya samu kafa ya shiga ƙarƙashin fentin, ni kuwa idona na ganin azurfa, hankalina kwance.

A ƙarshen daminar nan na ɗauko wani bawan Allah daga Tabalak da buhun kifinsa, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka. Mun faɗa wani rami, na ji ƙas, sai kuma ƙas ƙas. Ƙafar baya ta fara rawa, guntuwar waya ta soke robar ciki, iska ta fice, muka kwanta a yashin gefen hanya. Allah ya taƙaita, gwiwar hannu kawai ya kuje. Da a gaban babbar mota ne fa? Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don shi bai san komai ba game da fentina, kuɗinsa ya biya ya hau.

Wani tsohon makanike na kai wa ƙafar. Bai ce uffan ba, ya ɗauki ƙaramin makulli yana bugun wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kunne a karkace. Wata ta ce ƙil, wata ta ce ɗif. Ya kankare fentin da farce a gindin wata waya, sai ga ta ta sirance kamar tsinken tsire.

"Ɗana, mi ka zuba ma wanga ƙarhe?"

"Ruwan batir ne, Baba."

Ya girgiza kai. "Kai ka kashe su, sannan ka yi musu likkahwani."

Notocin duk sun kafe, fenti a waje, tsatsa a ciki, ko ɗaya bai juyu ba. Sai da ya datse wayoyi 36 da almakashin ƙarfe ya ɗaura sababbi. Na zauna kusa da shi yini guda, kuma yawancin abin da zan gaya muku a ranar na koye shi.

Kafin ka yi maganar fenti, tambayi wayar ko tana da rai. Ɗaga ƙafar, ka bi wayoyin da makulli. Mai ɗauri daidai tana amsawa da ƙara mai zaƙi, wadda ta saki ko ta tsage muryarta a dushe take. Duba wurare biyu da kyau: lanƙwasar da ke shiga cibiyar ƙafa, inda waya ta fi karyewa, da bakin noti, inda ruwa ke kwana. Tsatsar da ta tsaya a sama, wadda in ka goge sai ƙarfe ya fito sumul, wannan tana gyaruwa. Wadda ta yi ramuka ko ta rage kaurin waya, babu gugar da za ta mayar da ƙarfen da ya tafi, canji kawai. In kuma uku ko huɗu sun mutu, sauran ma tare suka sha ruwan, kada ka yi rowar sayen duka. Nauyin da waya ɗaya ta ajiye maƙwabtanta ke ɗauka, shi ya sa suke karyewa a jere kamar yadda nawa suka yi.

In sun tsira, cire ƙafar, ka cire taya da robar ciki. Ɗaga ƙyallen robar da ke rufe kawunan notoci a cikin janti, sau da yawa tsatsar da ke can ta fi ta waje. Wanke mai da kananzir. Don guga, soson ƙarfe mai laushi ya isa, ko ka yanka sanfefa mai laushi siri-siri ka zagaya wayar kana ja gaba da baya. Mai kurom kuwa takardar alminiyom da aka jiƙa ta fi, ba ta karce shi. Inda ta yi taurin kai, ɗaura tsumma mai binigar na ɗan lokaci, ka ɗauraye da ruwan bikarbonat, ka sake ɗaurayewa da ruwa, ka shanya a rana har ya bushe ƙarau. Aikin na cin yini, yatsu na ciwo, babu gajeriyar hanya.

Ka sani duk inda ka goge har ƙarfe ya fito tsirara, tutiyar wurin ta tafi, in ka bar shi kwana biyu da damina zai sake ja. Don haka ranar da ka goge, ranar za ka sa fentin ƙasa mai hana tsatsa. Toshe wurin birki da wurin boris da takarda, fenti ko mai a kan birki ba abin wasa ba ne. Naɗe bakin kowane noti da salatif don gobe ya juyu. Ka fesa da safe, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa amma ba cikin rufaffen ɗaki ba, ka rufe hanci. A zafin Afrilu da Mayu na Adar, in ka fesa da rana, fentin na bushewa a iska kafin ya sauka, ya fito da ƙuraje. Tazarar santimita 20 zuwa 30, shafi siriri sau biyu ko uku, kana jira tsakaninsu. Ka ba shi aƙalla kwana guda kafin a mayar da taya, a kuma kai wa mai ɗaurin waya ya daidaita ƙafar. Kada ka ce za ka matse da filaya, rubu'in juyi ake yi kaɗan-kaɗan, kana matse gefe ɗaya janti na karkata.

Ni dai yau ba na fentin waya sai dole. Tsumma ne da ɗan man inji nake bi da shi duk Juma'a bayan wanki, in ɗiga ɗigo a bakin kowane noti, in kuma na ratsa ruwa ba na kwanciya sai ƙafafun sun bushe. Ba ya walƙiya kamar na yara, ƙura ma na ɗan kama shi, amma notocina duk suna juyawa.

Jiya na sake ganin yaron nan a wurin mai shayi. Wannan karon na kasa haƙuri, na ari makullinsa na bi ƙafar baya. Huɗu suka ce ɗif. Na nuna masa, ya duƙa ya saurara, ya ce, "To, Yaya, sai na dawo daga Konni." Ya ɗora fasinja da buhu biyu, ya tayar.